Mai biya, mai zama da mai wucewa: fashin baƙi kan aikin Ben Enwonwu

A ƙarshen shekarar 1959, Gwamna Janar na Najeriya, Sir James Robertson, ya yaye ƙyallen da aka lulluɓe wani mutum-mutumin tagulla da shi a Majalisar Wakilai da ke Legas. Siffar Sarauniyar Ingila ce, Elizabeth ta Biyu, tana zaune ta ɗora hannuwa a cinya. Wanda ya yi aikin ɗan Anacha ne mai suna Ben Enwonwu, kuma a wancan lokacin da wuya a sami mai zane ko mai sassaƙa ɗan Afirka da sunansa ya kai nasa nisa. Ba a cika shekara ba Najeriya ta karɓi 'yancin kai. Ranar 1 ga Oktoba 1963 kuma ƙasar ta zama jamhuriya, sarauniyar ta daina zama shugabarta. Yau mutum-mutumin yana gidan adana kayan tarihi na ƙasa da ke Legas.

Wannan ɗan tarihin ya tattara kusan duk abin da ya raba sana'ar yi wa jama'a abin tunawa da sauran ayyukan fasaha. Mai zanen da ke zaune a ɗakinsa abin da ya ga dama yake zanawa, in an saya to, in ba a saya ba ya jingine a bango. Wanda aka ba kwangilar mutum-mutumin da za a kafa a dandali kuwa iyayen gidansa uku ne. Akwai mai biyan kuɗi, galibi gwamnati ko kamfani ko majami'a, wanda ke da saƙon da yake son isarwa. Akwai wanda ake sassaƙa siffarsa, ko iyalansa in ya rasu, masu son a ga nasu ya yi kyau. Sannan akwai mai wucewa, wanda ba a shawarce shi ba, amma shi zai riƙa ganin abin safe da yamma, kuma jikokinsa ne za su yanke hukuncin a bar shi ko a tumɓuke shi. Matsayin mai wannan sana'a ya yi kama da na makaɗin fada: sarki ke ciyar da shi, yabon sarki zai yi, amma gwani a cikinsu yakan saƙa tasa maganar a tsakiyar yabon ta yadda sai mai kunne zai ji. A ganina nan ne gwanintar Enwonwu take, fiye ma da iya riƙe kayan aiki.

An haife shi ranar 14 ga Yuli 1917 a Anacha, bakin kogin Kwara. Mahaifinsa ma'aikacin kamfanin Royal Niger ne, kuma masassaƙin gargajiya mai yi wa mutanen garin siffofin katako na al'adunsu. Ya rasu yaron na ƙarami, ya bar masa kayan sassaƙa. A shekarun 1930 Enwonwu ya shiga hannun wani Bature, Kenneth Murray, wanda gwamnatin mulkin mallaka ta kawo a 1927 don koyar da zane a makarantunta. Murray yana da wani ra'ayi da ya bambanta da na yawancin 'yan uwansa Turawa: yana son ɗalibansa su zana rayuwar ƙauyukansu, kada su tsaya kwaikwayon hotunan Turai. A 1937 ya kai ayyukan ɗalibansa baje koli a Landan, har da na Enwonwu. A farkon shekarun 1940 Enwonwu ya yi koyarwa a Benin, inda ya kusanci zuriyar maƙeran tagulla na fadar Oba, ya ga yadda suke zubi. A 1944 ya sami tallafin karatu ya tafi Ingila, ya kammala a makarantar fasaha ta Slade a 1947, ya ƙara da nazarin al'adun ɗan Adam a Landan. Da ya dawo, a 1948, aka naɗa shi mai ba gwamnati shawara kan fasaha.

A lura da wannan muƙami, domin shi ne ƙofar duk abin da ya biyo baya. Mutum-mutumin dandali ba aikin da mutum zai yi da kuɗin aljihunsa ba ne. Tagulla tana da tsada, wurin kafawa na hukuma ne, jigila kuma sai da jirgin ruwa. Wanda bai san ofisoshin gwamnati ba, komai gwanintarsa, ba ya samun irin wannan aiki. Enwonwu ya san su ciki da bai. Yana iya Turancin fadar Ingila, yana sa kwat, yana hira da 'yan jarida, har an ba shi lambar girmamawa ta daular Birtaniya a tsakiyar shekarun 1950. Wasu sun riƙe masa wannan a matsayin laifi, za mu zo kansa.

Yadda ake haifar mutum-mutumin tagulla

Mutane da yawa suna zaton masassaƙi guduma yake ɗauka ya yi ta dukan ƙarfe har siffa ta fito. Ba haka abin yake ba. Da yumɓu ake farawa. Zai fara zana wanda ake so a takarda ta fuskoki daban-daban, sannan ya gina ɗan ƙaramin samfuri da za a nuna wa mai biya. A nan ne ake yin ciniki na gaskiya: a tsaye za a yi shi ko a zaune, da wace sutura, me zai riƙe, ina zai fuskanta. In an amince, sai a ɗaure ƙwarangwal na ƙarfe gwargwadon girman da ake so, a yi ta liƙa masa yumɓu ana gyarawa, ana lulluɓe shi da jiƙaƙƙen ƙyalle kada ya bushe ya tsage. Wannan kan ɗauki watanni.

Daga nan aiki ya bar hannun mutum ɗaya. Za a ɗauki gurbin siffar da filasta, a shafe cikin gurbin da kakin zuma har ya yi kaurin da ake son tagullar ta yi, a cika ciki da waje da ƙasa mai jure wuta, a gasa. Kakin zai narke ya tsiyaye, ya bar fili. Cikin wannan filin ake kwarara narkakkiyar tagulla, wato jan ƙarfe da aka gauraya da kuza, a zafin da ya haura digiri 1,000. In ta huce a fasa ƙasar. Babban aiki gunduwa-gunduwa ake zuba shi, a haɗa da walda, a goge tabon haɗin, a ƙarshe a shafa sinadarin da zai ba shi launi. Shi ya sa mutum-mutumin tagulla cikinsa kogo ne. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da ita aka yi kayan Igbo-Ukwu fiye da shekara dubu da suka wuce, da ita aka yi kawunan Ife, da kuma kayan Benin waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Saboda haka lokacin da ɗan Najeriya ya shiga fadar Buckingham don ya mai da sarauniyar Ingila tagulla, shekara sittin ke nan cif da kwashe tagullar Benin. Enwonwu, da ya zauna da maƙeran Benin, ba zai rasa sanin haka ba.

Sarauniya ta zo Najeriya a watannin Janairu da Fabrairu na 1956, ziyarar da aka yi mata gagarumin hawan daba a Kaduna. Daga wannan ziyara maganar mutum-mutumin ta taso. A 1957 ta zauna wa Enwonwu sau goma sha biyu, takwas a fadar Buckingham, sauran a ɗakin aikin Sir William Reid Dick, wanda ya daɗe yana yi wa gidan sarautar sassaƙa. Shi ne ɗan Afirka na farko da aka ba irin wannan aiki. Jaridu suka yi ta buga hotunansa tsaye kusa da sarauniya yana nuna mata abin da ya gina. Ga gwamnatin Birtaniya hoton nan riba ne. Daular tana gab da watsewa, Gana ta riga ta sami 'yanci a watan Maris na wannan shekara, ana son a nuna wa duniya cewa rabuwar ta mutunci ce, ga shi har ɗan ƙasar da aka mallaka yana girmama sarauniya da hannunsa. Ga shugabannin Najeriya ma riba ne: ɗanmu ne ya kai matsayin da sarauniya za ta zauna shiru ta bi umarninsa, ya ce ɗaga kai ta ɗaga, ya ce juya ta juya. Hoto ɗaya, kowa ya karanta abin da ya dace da shi.

Da aka nuna aikin a Landan a ƙarshen 1957 sai magana ta tashi. Wasu masu sharhi suka ce fuskar ta ɗauko kamannin Afirka, musamman leɓɓan da suka fi na sarauniyar cika. Masanin tarihin fasaha Sylvester Ogbechie, wanda ya yi dogon nazari a kan Enwonwu, yana ganin ba kuskuren hannu ba ne. Turawa irin su Picasso sun kwashi siffofin sassaƙar Afirka sun gina sunansu da su, an kira abin sabon salo. To ga ɗan Afirka ya juya al'amarin, ya dubi babbar alamar daular da idon Afirka. Ni ma na fi karkata ga wannan fahimta, saboda mutumin da ya fita daga Slade da sakamako mafi daraja, ya kuma sami zama goma sha biyu, ba zai kasa auna leɓe ba. Amma kada a zuzuta abin har a mai da shi tawaye. Aikin girmamawa aka ba shi, girmamawar ya yi, sarauniya ta amince, gwamnati ta karɓa ta kafa. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Abin da ya saka nasa a ciki ɗan kaɗan ne, daidai yadda mai biya zai iya haɗiyewa.

Kuma duk da haka aikin bai daɗe a inda aka kafa shi ba. Mutum-mutumin mai mulki ƙarfinsa daga kujerar yake zuwa. In kujerar ta gushe, sai ya koma abin da ba a san yadda za a yi da shi ba: a fasa shi ɓarna ce, a bar shi a gaban majalisar ƙasa mai 'yanci kuma abin kunya ne. Gidan tarihi shi ne mafita ta mutunci. An ga mafi muni a wasu wurare. A 2015 ɗaliban jami'ar Cape Town sun sa an ɗauke mutum-mutumin Cecil Rhodes, jigon mulkin mallakar Birtaniya a kudancin Afirka, a 2018 kuma jami'ar Gana ta cire na Gandhi bayan malamai da ɗalibai sun yi ƙorafi kan abin da ya rubuta game da baƙar fata a zamansa na Afirka ta Kudu. Babu wanda ya ce aikin hannun ne bai yi kyau ba. Hukuncin da ake yi wa wanda aka sassaƙa ne ya canza.

Wadda ba ta da kujera

Kafin aikin sarauniya, tsakanin 1954 da 1955, Enwonwu ya yi wani aikin da aka ba shi don sabon gidan tarihi na Legas, wanda tsohon malaminsa Murray ya assasa, aka buɗe a 1957. Shi ne Anyanwu. Siffar mace ce mai tsayin kusan ƙafa bakwai, ƙasanta siriri kamar tsinke, tana faɗaɗa tana tasowa sama, ta ɗan karkata gaba, hannuwa a buɗe. Sunan na Ibo ne, yana nufin rana, kuma an danganta siffar da Ani, uwar ƙasa a tsohon addinin Ibo. Amma adon kanta da murjanin wuyanta na matan fadar Benin ne. Jikin kuwa, yadda ya miƙe ya sirance, ya nuna mutum ne da ya ga abin da masu sabon salo ke yi a Turai. Gida uku ke nan a jiki ɗaya.

Anyanwu ba kowa ba ce. Ba ta ci zaɓe ba, ba ta gaji sarauta ba, babu wanda zai tono wasiƙunta ya ce ta taɓa zagin wani. Wannan ya sa ta tsira daga abin da ya sami sarauniyar tagulla. Mai biya ya ce a yi abin da zai nuna sabuwar ƙasa mai tasowa, bai ce ga fuskar da za a sa ba, sai masassaƙi ya sami fili. Shi ya sa nake ganin ita ce aikinsa mafi ƙarfi, kuma kusan duk wanda ya san sunan Enwonwu a fagen sassaƙa da ita ya san shi.

Sai dai ita ma tarihi bai ƙyale ta ba. Ranar 5 ga Oktoba 1966 wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, Cif Simeon Adebo, ya miƙa wa Babban Sakatare U Thant wani zubi na biyu na Anyanwu a matsayin kyautar ƙasar. A dubi kwanan watan da kyau. A watan Janairu na wannan shekara an kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Sardauna Ahmadu Bello da Akintola. A watan Yuli an yi juyin mulki na biyu, an kashe Janar Ironsi. A cikin makonnin da ake shirin bikin miƙa kyautar, ana kashe 'yan ƙabilar Ibo a garuruwan Arewa, masu rai suna tururuwar komawa Gabas. Watanni tara bayan bikin aka fara yaƙin basasa, kuma garin haihuwar masassaƙin, Anacha, yana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Wato Najeriya ta kai wa duniya alamar wayewar garinta, aikin hannun ɗan Ibo, a daidai lokacin da rana ke faɗuwa a kanta. Masassaƙin ba shi da iko a kan wannan. Ya gama nasa tun shekara goma sha ɗaya baya.

Sauran manyan ayyukansa na Legas kamfanonin gwamnati ne suka biya. A 1964 ya yi wa hukumar wutar lantarki Sango, wani ƙaƙƙarfan namiji mai tsayin kusan ƙafa 14, riƙe da gatari mai baki biyu, a gaban hedkwatarta da ke Marina. A al'adar Yarbawa Sango tsohon Alafin na Oyo ne da aka mayar ubangijin tsawa da walƙiya. Dabarar a fili take: hukumar tana son ta ce wutar da take sayarwa ba ta Bature kaɗai ba ce, tana da asali a nan gida. Yawanci akan ce NEPA ce ta ba da aikin, amma a 1964 babu NEPA, sai a 1972 aka kafa ta, hukumar da ta gabace ta, ECN, ita ce mai ginin. Daga baya NEPA ta zama PHCN a 2005, a 2013 kuma aka sayar da harkar rarraba wuta ga 'yan kasuwa. Sango na nan riƙe da gatarinsa, masu gida suna ta sauyawa a bayansa, 'yan Najeriya kuma da suka sha duhu ba su rasa abin barkwanci da za su yi da ubangijin walƙiya mai gadin ofishin da ba ya kawo wuta. A 1978 ya yi Makaɗi don ginin hukumar sadarwa, da irin wannan tunani: kafin tarho, ganga ke kai saƙo.

A nan ya kamata a tsaya kan abin da mai karatu Bahaushe ya riga ya raya a ransa. Mafi yawan malaman Musulunci sun hana sassaƙa cikakkiyar siffar abu mai rai, balle a kafa ta don girmamawa, balle kuma a ce siffar abin bautar wasu ce. Saboda haka sana'ar Enwonwu ba ta yi kasuwa a Arewa ba, kuma ba rashin gwanaye ne ya jawo ba. Arewa ta zaɓi wata hanyar tunawa da manyanta: a sa wa jami'a suna, a sa wa titi ko asibiti ko filin jirgi, a mai da gidan mamaci cibiyar nazari kamar yadda aka yi da gidan Sardauna a Kaduna, a tsare hubbare, a yi waƙa. A shataletalen garuruwanmu an fi ganin ƙwarya da tambari da kakaki da dagi. Amma gujewa siffar mutum bai kuɓutar da kowa daga rigimar nan ta iyayen gida uku ba. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin Kano ta rushe ginin da aka yi a shataletalen gidan gwamnati don tunawa da cikar jihar shekara 50, aka yi ta musu a kan dalili. Babu fuskar kowa a jikinsa. A Kudu kuma, inda siffar mutum ba laifi ba ce, gwamnatin Imo ta sha suka a 2017 da ta kafa wa Jacob Zuma, shugaban Afirka ta Kudu na lokacin, ƙaton mutum-mutumi a Owerri, alhali mutumin na fama da zargin cin hanci a ƙasarsa.

Shi kansa Enwonwu ya ɗanɗani zafin rikicin addini a kan aikinsa. A shekarun 1950 ya sassaƙa wa majami'ar jami'ar Ibadan siffar Almasihu da katako. A 1986, cikin zaman tankiyar da ta kai ga taƙaddamar gicciyen da ke tsakanin majami'ar da masallacin jami'ar, aka cinna wa aikin wuta. Shekara talatin yana wurin ba wanda ya taɓa shi, har ranar da yanayin ƙasar ya canza.

Suka daga Zariya

Ba Turawa kaɗai suka yi masa ca ba. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun ƙi tsarin koyarwar malamansu Turawa, suka ce kowa ya koma ya haƙo zanen gargajiyar mutanensa ya haɗa da dabarun zamani. Abin mamaki, kusan abin da Enwonwu ya yi ke nan a Anyanwu tun kafin su shiga kwalejin. Amma a idon sabon jini shi mutumin gwamnati ne, mai lambar daula, wanda ya yi wa sarauniya aiki. Shi ma bai raga ba. A farkon shekarun 1960 ya yi rubutu yana sukar yadda wasu Turawa mazauna Najeriya ke tura matasa ga zanen da ba siffar komai a ciki, suna kuma yanke wa 'yan Afirka abin da ya kamata a kira fasahar Afirka.

Wa ke da gaskiya? Ina ganin kowanne ya riƙe wani ɓangare. Gaskiya ne kusancinsa da hukuma ya sa manyan kwangiloli suka taru a hannun mutum ɗaya na tsawon shekaru, kuma wanda ke cin albashin gwamnati akwai abin da ba zai faɗa ba. Amma kafin shi, a tunanin Turai, sassaƙar Afirka aikin wasu ne marasa suna, abin da ake kwasowa daga ƙauye a rubuta sunan ƙabila a ƙasansa. Enwonwu ya tilasta a rubuta sunan mutum, a biya shi farashin da ake biyan Bature, a gayyace shi taro ya yi magana da bakinsa, kamar yadda ya yi a babban taron marubuta da masu fasaha baƙar fata a Faris a 1956. 'Yan Zariya sun sami damar yin tawaye ne a filin da wani ya riga ya share.

Bayan yaƙin basasa ya zama farfesan fasaha a jami'ar Ife daga 1971 zuwa 1975, ya ba da shawara a bikin al'adu da fasahar baƙar fata na duniya, FESTAC, na 1977, aka ba shi lambar yabo ta ƙasa a 1980. Ya rasu a Legas ranar 5 ga Fabrairu 1994.

Abin da ya faru da ayyukansa bayan rasuwarsa ya fito da wani ɓangare na sana'ar da ba a cika magana a kai ba, wato kuɗi da kulawa. Kasuwa abin da za a iya ɗauka take so. A Ife ya zana wata gimbiyar gidan sarautar garin, zanen da aka sani da Tutu, wanda mutane suka ɗauka alamar sulhu saboda ɗan Ibo ne ya zana 'yar sarautar Yarbawa jim kaɗan bayan yaƙi. Ya yi zanen fiye da sau ɗaya. Ɗaya daga cikin zanukan ya ɓace shekaru da yawa, aka gano shi a wani gida a arewacin Landan, aka yi gwanjonsa a watan Fabrairu 2018 a kan fam miliyan 1.2. Ƙananan zubin Anyanwu ma suna yawo a gidajen gwanjo. Sango kuwa ba mai sayen sa, ba mai ɗaga shi. Tagullar da ke waje tana bukatar a wanke ta, a shafa mata kaki lokaci-lokaci, musamman a wuri irin Marina inda iskar teku ke ɗauke da gishiri. Kuɗin wannan ba ya kawo wa kowa suna, babu bikin yanke ƙyalle a cikinsa, kuma shugaban da ya ba da kwangilar ya daɗe da barin ofis.

Kada a ce wannan halin Najeriya ne kaɗai. A farkon shekarun 1960 jaridar Daily Mirror ta Landan, wadda kamfaninta ya mallaki Daily Times ta Legas tun 1947, ta ba Enwonwu aikin ƙawata sabuwar hedkwatarta. Ya sassaƙa dogayen mutane bakwai da katakon Afirka, kowanne riƙe da jarida a buɗe, shafukan sun baje kamar fukafukai. An kafa su a 1961, daga baya suka ɓace daga ginin, aka manta da su shekaru da dama. A 2012 aka tsince su a garejin wata makarantar sakandare a Bethnal Green, gabashin Landan. Shekara ɗaya bayan haka gidan gwanjo na Bonhams ya sayar da su fam 361,250, farashin da aikinsa bai taɓa kaiwa ba kafin wannan rana.